Zanen namun daji a jikin bindiga: hoton waya yana cutar masu aikin hannu

1/ Na san da an ce bindiga a ƙasar nan gaban mutum faɗuwa yake, kuma da dalili. Amma zaren nan a kan bindigogin farauta na Turai ne, da masu zana musu namun daji da hannu. Ku daure ku karanta 🧵

2/ A arewacin Italiya, lardin Brescia, akwai garin Gardone Val Trompia. Nan ne gidan Beretta, da ke wannan sana'a tun 1526. Yankin ya yi suna da wani salon zane, bulino, wanda ya ci sunan ɗan ƙarfen da ake yin sa da shi.

3/ Ba guduma a aikin. Da tafin hannu mutum yake tura tsinin, ido a madubin ƙara girma, yana ɗiga ɗigo da siraran layuka, dubbai a kan dubbai. Inda ya cunkusa su sai wurin ya yi duhu, inda ya warwatsa su ya yi haske. A haka gashin zaki ko idon ɓauna ke fitowa. Ku duba fuskar Sardauna a jikin ɗari biyu da kyau, dangin wannan aikin ne.

4/ Kuma fa ƙarfe ba takarda ba ne, babu gogewa. Hannu ya zame sau ɗaya, aikin makonni ya shiga uku. Bindiga ɗaya takan ci awoyi ɗaruruwa. Ku nemi aikin Firmo Fracassi ku gani.

5/ To ga abin da ke ci min rai. Yanzu injin leza yana buga makwarwa da karen farauta a jikin bindigogi masu sauƙin kuɗi, kuma a hoton waya wallahi kusan ba ka bambancewa. Mu kuwa a waya muke ganin komai.

6/ Bambancin a haske yake. Yankan hannu yana barin gefe mai sheƙi, kowane da kusurwarsa, shi ya sa in an karkata ƙarfen sai inuwar dabbar ta sauya. Leza ƙonawa take yi, ƙasan layin dusu-dusu, duk yadda ka juya shi haka yake.

7/ Wani zai ce ai leza ta sa mai ƙaramin ƙarfi ma ya samu ado. Haka ne, ban ja ba. Amma a faɗa masa na inji ne. Ɗora hoton biyun a jere a rubuta "zane" kawai, cin haƙƙin wanda ya ƙarar da idonsa ne. Wane yaro zai yi shekaru yana koyon aikin da ba a gane shi?

8/ Masu shafukan da ke ɗora irin wannan, don Allah bidiyo za ku riƙa sawa, ku juya ƙarfen a haske. Ku kuma rubuta sunan mai zanen. Yawanci yana nan ɗan mitsitsi a ƙasa, kusa da kunamar bindigar.