Littafin mai kanti ma aikinmu ne

'Yan uwa marubuta, duk Alhamis ana cinikin dabbobi na miliyoyi a kasuwar Maigatari, amma yawancin lissafin a ka yake. Dokar harajin da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026 ta wajabta ajiye bayanan ciniki. Wanda bai ajiye ba, tarar naira 10,000 ce, kamfani kuwa 50,000. Wanda ya rubuta nasa da Hausa ko ajami, hukuma na iya neman fassarar Turanci, kuɗin kuma daga aljihunsa. Wa zai sanar da mai kanti a Gumel ko Gagarawa kafin jami'i ya iso? Mu ne. Mu jingine labaran soyayya na mako ɗaya, mu rubuta masa yadda ake cike littafin shiga da fita.