Ƙasar mai, gida babu wuta

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan wutar lantarki a Injamena.

Tun 2003 Chadi ke tura ɗanyen man Doba ta bututu zuwa Kribi a Kamaru, a 2011 kuma aka buɗe matatar Jarmaya kusa da birnin nan. Duk da haka, waɗanda ke da lantarki a ƙasar ba su kai mutum biyu cikin goma ba. Idan zafin Afrilu ya haura digiri 40, sai ka ga iyali sun fito da tabarmi tsakar gida, mai walda ya naɗe hannu, mai ƙanƙara kuwa ta tsawwala kuɗi. Mai hali ya tayar da janareto, talaka ya kwana da ƙararsa.

Rana dai ba ta yi mana rowa ba. Ya kamata gwamnati ta zuba kuɗi a wutar sola, ta kuma riƙa bayyana jadawalin rabon wuta unguwa-unguwa.

Mu ma gunaguni a majalisar shayi ya isa haka. Masu unguwanni, limamai da 'yan kasuwa, a haɗa takardar koke, a sa hannu, a kai wa 'yan majalisarmu.

Naka,
Mai karatu daga Injamena