Mun Bar Musu Dogon Ruwa, Mun Riƙe Kududdufi

Bara da damina ta yi nisa, na kai shawara taron iyaye da malamai na makarantar da nake koyarwa a ƙasar Makarfi. Na ce mu haɗa kuɗin mota mu kai 'yan aji shida su ga inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, su ci abinci a gindin bishiya, mu dawo kafin magariba. Ban rufe baki ba wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Malam, duk abin da ke damun mutane, kai yawon banza ne a gabanka?" Aka yi dariya, aka wuce batun kuɗin alli. Bayan mako uku muka sallaci gawar yaro ɗan shekara tara, wanda aka tsamo daga kududdufin bayan gari.

Ban ji haushin dattijon ba. Da kalmarsa nake faɗa, domin wannan "yawon banza" ta ci mana daji, kuma tana ci mana 'ya'ya.

Ka tsaya a tashar Hunkuyi ko ta Paki ka tambayi matasa mene ne Kamuku. Duk wanda ya amsa, cewa zai yi dajin 'yan bindiga ne. Da wuya ka sami wanda ya san gandun daji ne na tarayya a ƙasar Birnin Gwari, cikin jiharmu, wanda aka keɓe tun 1936, aka ɗaga darajarsa a 1999. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000. An san shi da giwaye da gwanki, akwai Goron Dutse, akwai kuma matsirgar da ake kira Dogon Ruwa. Wanda ya yi sammako daga Makarfi ya bi ta Zariya da Funtuwa, tafiyar yini ce, a je a dawo. Shekara nawa hanyar tana lafiya lau, mu nawa muka je?

Za a ce 'yan bindiga ne suka ƙwace shi. Ni na ce a yashe suka tarar da shi. Ban musa satar shanu da talauci da rashin hukunci ba, duk suna ciki. Amma dajin da motocin ɗalibai ke shiga kowace Asabar yana da mai shayi a bakin ƙofa, da mai faci, da mai tsire, da direbobin da za su yi ƙorafi ranar da hanya ta lalace. Yana da idanu. Dajin da ba mai shiga sai mafarauci da mai gawayi, in ya faɗa hannun ɓarayi sai an shekara kafin birni ya ji. Dubi Yankari ta Bauchi. Duk abin da ya taɓa ta sai ka ji hayaniya, saboda dubban mutane sun taɓa yin wanka a ruwan ɗumin Wikki, suna da hotonsa a waya. Wa zai yi kukan Dogon Ruwa, alhali bai taɓa jiƙa ƙafa a ciki ba?

Laifin ba namu kaɗai ba ne. Tun zamanin En'e, abin da talaka ya sani game da gandun daji shi ne hani: kada ka sari itace, kada ka shiga da shanu, in an kama ka tara ce. An koya mana cewa wurin na hukuma ne da Turawa masu kyamara. Da mulki ya dawo hannun namu, ba wanda ya zo ya ce wa manomin rake na Kudan, wannan wuri naka ne, kawo iyalinka. Manyanmu kuwa in hutu ya zo sai Dubai, su ɗauko hoto a gaban ruwan da inji ke fesawa, su sa a Facebook muna yi musu barka.

Falgore ma da ke maƙwabtaka da Ikara ta ɓangaren Kano haka ta kasance, har a 2017 sojoji suka mai da ita filin atisaye. Ga dam ɗin Tiga nan kusa tun 1974. Ka tambayi 'yan sakandaren Ikara su nawa aka taɓa kaiwa.

To amma yaro ba ya jiran shawarar taron iyaye. In zafin Afrilu ya sauko, ko damina ta cika ramukan da muka haƙa don ƙasar gini, zai shiga ruwa, ko an yarda ko ba a yarda ba. Bulala ba ta hana mu ba, ba za ta hana su ba. Abin da hanin yake yi kawai shi ne ya sa su tafi a ɓoye, ba babba a kusa, ba wanda ya iya ceto. Wanda ya tsira da rai kuma ya kwaso tsargiya daga katantanwar ruwan kwance, yana fitsarin jini, wasu har suna ɗauka alamar balaga ce. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta jihar Kano, mutum sama da ashirin suka rasu, akasarinsu 'yan Islamiyya masu zuwa Mauludi. Lodi ne ya yi yawa, gaskiya ne. Amma na daɗe ina tunanin nawa ne cikinsu aka taɓa koya wa ko da yadda ake tsayar da kai a saman ruwa. Muna yawan ambaton umarnin da ake danganta wa Sayyidina Umar na a koya wa yara ninƙaya da harbi da hawan doki. Mun riƙe shi a wa'azi kawai.

Masu cewa wurin wanka wurin tsiraici ne, ina jin su. Sai dai mun iya raba maza da mata a walima da masallacin Idi da layin zaɓe. A ware wa 'yan mata ranarsu da malamansu mata. Ruwa ba ya tambayar jinsi in zai ci mutum.

Ba cewa nake a kwashi yara gobe a nufi Kamuku ba. Ni ma ba zan sa ɗana a motar ba tukuna. Amma da aka yi sulhu a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, an yi murnar buɗe kasuwar shanu da komawa gona, kuma sun cancanci murna. Ina so in ji an sa gandun a cikin lissafin abin da za a dawo mana da shi, da rana, da wanda za a tambaya in ba a yi ba. Kafin nan, ƙananan hukumomi uku masu arzikin rake da tumatir ba su fi ƙarfin wurin wanka guda mai shinge da mai gadi da mai koyar da iyo ba.

Bana na sake kai shawarar, na rage buri zuwa Tiga. Iyaye goma sha ɗaya sun rubuta suna. Dattijon bai rubuta ba, amma jikansa ya tare ni a bakin aji da hoton matsirgar Kafanchan da na manna a bango, yana tambaya wai famfo aka kafa a kan dutsen, kuma wa ke biyan kuɗin mai.