Sharhi: Ɓurɓushin Ƙarfe da Gansakukar Ruwan Daɗi

Gansakuka, wato koren tsiron nan da ke shawagi a kududdufi da tafki da gefen kogi, ita ce tushen abincin akasarin halittun ruwan daɗi, domin ita ke haɗa abinci da hasken rana tana sakin iskar oksijin, ƙananan ƙwarin ruwa su ci ta, kifi ya ci su, wani kifin ma, irin karfasa, ya ci ta kai tsaye. Saboda haka ne masana muhalli ke gwada dafin sababbin sinadarai a kanta, bisa ƙa'ida mai lamba 201 ta ƙungiyar OECD, inda ake zuba sinadarin a ruwan da gansakukar ke ciki, a auna yadda yaɗuwarta ta ragu cikin sa'o'i 72.

Daga cikin abubuwan da ake yi wa wannan gwaji akwai ɓurɓushin ƙarfe na nano. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma ana kiran ɓurɓushi da wannan suna ne idan girmansa yana tsakanin nanomita 1 zuwa 100, alhali kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin nanomita 80,000. Masana'antu na sa na azurfa a cikin safa da bandejin rauni don kashe ƙwayoyin cuta, suna sa na tutiya da na titaniyom a man shafawa mai kare fata daga rana da kuma fenti, kuma da yake wanki da wanka da ruwan sama na wanke su, ƙarshensu kwata. A shekarar 2008 masu bincike a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka suka nuna cewa wasu safofin na zubar da azurfarsu a ruwan wanki.

Da farko an ɗauka cewa ƙanƙantar ɓurɓushin ita ce dafinsa, amma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa lamarin bai tsaya nan ba. A 2007 masana a Ostareliya suka gwada tutiya iri uku, ta nano da mai manyan ƙwayoyi da narkakkiya, suka tarar dafinsu ga gansakuka kusan ɗaya ne, wanda ya nuna cewa tutiyar da ta narke ta bi ruwa ita ke ɓarnar. A 2008 kuma Enrique Navarro da abokan aikinsa a cibiyar binciken ruwa ta Eawag da ke Suwizalan suka zuba azurfar nano a kan gansakuka mai suna Chlamydomonas reinhardtii, suka ga haɗa abincinta ya ja baya, amma da suka ƙara sinadarin sistin, wanda ke kama narkakkiyar azurfa ya riƙe ta, sai illar ta gushe. Ke nan ɓurɓushin tamkar rumbu ne da ke tsiyayar da dafi sannu a hankali, ƙanƙantarsa kuwa amfaninta ga ɓarna shi ne saurin narkewa, kamar yadda dakakkiyar kanwa ke rigan dunƙule narkewa a tukunya.

Ƙarafan ba su zo ɗaya ba wajen ƙarfin dafi. Wani bincike da aka wallafa daga Tallinn ta ƙasar Estoniya a 2009 ya gano cewa kimanin miligiram 0.04 na tutiya a lita ɗaya ya isa ya rage yaɗuwar gansakuka da rabi, na jan ƙarfe sai ya kai wajen 0.7, na titaniyom kuwa kusan 6. Shi titaniyom da ƙyar yake narkewa, don haka tasa hanyar daban ce: yana manne wa gansakukar ya dunƙule ta, ya tare mata haske, sannan idan rana ta buge shi ya haifar da wani nau'in oksijin mai ɓarna wanda ke lalata fatar ƙwayar halitta.

Abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma ake yawan tsallakewa idan ana kawo waɗannan alƙaluma, shi ne cewa ruwan ɗakin gwaji ba ruwan tafki ba ne. Ruɓaɓɓen ganye da ke rina ruwa ya yi ja yana lulluɓe ɓurɓushin ya rage masa kaifi, ruwa mai yawan gishiri da alli yana sa shi curewa ya nutse ƙasa, ruwa mai tsami kuma yana hanzarta narkewarsa. Adadin da ya kashe gansakuka a wannan tafki yana iya wucewa ba tare da wata illa ba a wancan, don haka dokar da aka gina kan lamba ɗaya tilo, ba a duba irin ruwan ba, ko dai ta tsananta inda babu buƙata ko ta sassauta inda ake cutuwa.

Masana na Eawag sun kuma nuna a 2011 cewa a matatar ruwan ƙazanta akasarin azurfar nano na haɗuwa da farar wuta ta zama wani sinadari mai wuyar narkewa, ta kwanta cikin laka, dafinta ya ragu ƙwarai. Wannan bushara ce, amma ga biranen da ke tace ruwan kwatarsu kafin ya shiga kogi. A Kano kuwa, ruwan wanki da na wanka daga unguwannin cikin birni na bin kogin Jakara ne zuwa madatsar Wasai da ke ƙaramar hukumar Minjibir, masu lambu na ɗiba a hanya, masunta kuma na jefa taru a can ƙarshe.