Kafin a Narka Cokalin Gado, a Karanta Hatiminsa

'Yan uwa, a gidaje da dama na zangunanmu akwai tsofaffin cokula da wuƙaƙen tebur da aka gada. Wasu sun fito daga hannun kakanni da suka yi aikin kuku a gidajen Turawa, wasu a gwanjo aka saye su. Idan rabon gado ya zo, ko dai a ba dillali su a kuɗin tarkace, ko a rantse cewa azurfa ce alhali ruwanta kawai aka yi musu. Duka biyun zalunci ne ga magada. Ra'ayinmu shi ne kada a sayar, kada a narka, sai an juya bayan mariƙin an karanta abin da maƙeri ya buga.

Kayan Ingila ba su da wuyar ganewa. Zaki mai tafiya da ƙafa ɗaya a ɗage shaida ce ta azurfa mai kashi 925 cikin 1000. Kusa da shi akwai tambarin garin da aka gwada ta: kan damisa na Landan, ƙarfen tsayar da jirgin ruwa na Birmingham, kambi kuwa na Sheffield ne a tsofaffin kaya. Harafi guda yana nuna shekara, sannan haruffan farko na sunan maƙerin. Amma in ka ga EPNS, to farin ƙarfe ne aka yi wa ruwan azurfa da lantarki, dabarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840.

Waɗanda ke ƙasashen da Faransa ta mallaka su nemi kan mace sanye da hular yaƙi, wato Minerve, wanda ake bugawa tun 1838. Lamba 1 a gefensa na nufin kashi 950 a tsofaffin kaya, lamba 2 kuwa 800. Maƙerin azurfa yana sa sunansa cikin gida mai siffar daimon, mai yin ruwan azurfa kuwa cikin murabba'i. Lambobi irin su 84 ko 90 nauyin azurfar da aka shafa wa jerin cokula ne, kada a ɗauke su a matsayin tsarkin ƙarfen. Suna babba kamar Christofle ma bai isa hujja ba, domin mafi yawan kayansa ruwan azurfa ne.

Zanen mariƙi, kamar mai siffar ƙumba da ake kira King's, yana taimakawa wajen haɗa jeri, amma kamfanoni da yawa sun yi shi. Hatimi ne alƙali.

Wani zai ce, ina ruwanmu, tunda malamai sun hana ci da kayan azurfa? Wannan ma dalili ne na sani. Wanda bai tantance ba, bai san abin da yake kai wa bakinsa ba, bai kuma san ko ajiyarsa ta kai nisabin zakka ba, dirhami 200, kimanin giram 595.

Saboda haka muna roƙon masu rabon gado: a wanke da sabulu da tsumma mai laushi, ban da toka ko yashi, domin su ke cinye hatimi. A ɗauki hotonsa, a auna nauyi, a rubuta gaban shaidu, sannan a nemi maƙerin farfaru fiye da ɗaya. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Allah ya tsare mu da cin haƙƙin maraya.