A Daina Ciyar Da 'Yan Matanmu Da Raini

Akwai wata huɗuba da masu horar da 'yan wasa suka haddace kamar karatun allo. Ana saura minti kaɗan a fita fili, koci zai tara 'yan wasansa, ya sassauta murya, ya ce musu an raina ku, babu wanda ya sa ku a lissafi, ku fita ku ba maraɗa kunya. A jami'o'in Amurka, inda wasan ƙwallon kwando na mata ya zama babbar harka, abin har ya koma sana'a. Koci kan yanko duk wata baƙar magana da jarida ta rubuta a kan ƙungiyarta, ta manna a bangon ɗakin sauya kaya, don kowace yarinya ta karanta kafin ta ɗaure takalmi. Har ƙungiyar da kowa ya san ita ce kan gaba sai ka ji tana kukan wai an raina ta.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun tashi da jin cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mun san abin da kalangu ke yi wa ɗan dambe, mun san yadda Ɗan Anace ke zuga Shago har tsuma ta kama shi. Zuga tana aiki, ba mu musa ba. Abin da muke ja da shi shi ne yadda huɗubar nan ta sauya aiki a ƙasar nan. Maganar da koci ke yi ta minti biyar ta zama mayafin da hukumomi ke rufe sakacinsu da shi shekara da shekaru. 'Yan matan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, su da ire-irensu, su ne ke kwana a ƙarƙashin wannan mayafi.

A dubi D'Tigress, ƙungiyar mata ta Najeriya, tunda da ita ake kafa mana hujja. Ranar 29 ga Yulin 2024, a gasar Olamfik ta Faransa, suka doke Ostireliya da maki 75 da 62, alhali Ostireliya ita ce ta uku a duniya a lokacin. Rabon Najeriya da cin wasa a Olamfik tun 2004. Suka ƙara da Kanada suka ci 79 da 70, suka zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta shiga sahun takwas na ƙarshe a Olamfik. Amurka ce ta tsayar da su, 88 da 74. Kocinsu, Rena Wakama, ita hukumar FIBA ta zaɓa gwarzuwar masu horarwa ta gasar. Duk wanda ya kalli wasannin nan a wayarsa ya san daɗin da aka ji, yabon gwani kuwa ya zama dole.

To amma wa ya raina su? A nan labarin ke da ƙaiƙayi. Kwana uku kafin wasan Ostireliya, 'yan matan nan sun taso daga birnin Lille zuwa Paris don bikin buɗe gasa, aka hana su shiga jirgin ruwan tawagar ƙasarsu, wai ya cika. Ba Bature ne ya hana su ba. A 2021 sai da suka fito a bidiyo suna neman alawus ɗinsu da aka riƙe. A watan Mayun 2022, bayan sun sami gurbin zuwa gasar cin kofin duniya da guminsu, gwamnatin tarayya ta sanar da janye Najeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa har shekara biyu, saboda rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa. Kafin a janye matakin, an riga an ba Mali gurbin. Manya suka yi faɗan kujera, yara suka rasa gasar da wasu daga cikinsu ba za su sake samun irinta ba.

Da nasara ta zo, sai aka tattara duk wannan wulaƙanci aka mayar da shi ado. Aka riƙa cewa ai wahalar ce ta ƙara musu ƙaimi, ai ɗan Najeriya sai an matse shi yake fitar da mai. Ka ji wayo. Wanda ya hana ka abinci ya dawo yana karɓar tukuicin cewa yunwar da ya sa ka ce ta koya maka gudu.

Kuma ba gaskiya ba ne. Raini bai koya wa Ezinne Kalu jefa ƙwallo ba. A Amurka aka haife ta, a jami'ar Savannah State ta yi wasa. Amy Okonkwo, wadda ta zama gwarzuwar gasar Afirka a 2023 da 2025, a jami'o'in Amurka ta gogu. Promise Amukamara ta fito daga Arizona State. Ita kanta Wakama a jihar North Carolina aka haife ta, ta yi wasa a jami'ar Western Carolina, ta koyi aikin horarwa a kwalejojin can. Abin da ya ƙera su shi ne wata doka da Amurka ta kafa a 1972, wadda ta haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin ɗalibai maza da mata. Daga ita aka sami filaye, da masu horarwa, da guraben karatu kyauta ga yarinyar da ta iya wasa. Wasu suka shuka, suka yi ban ruwa shekara hamsin, mu muka je muka girba, sannan jami'anmu suka hau mumbari suna ba da labarin ƙarfin zuciya. Zuga yaji ce. Tana ƙara wa tuwo armashi, amma ba mu taɓa jin wanda ya ƙoshi da yaji zalla ba.

Su kansu 'yan matan jami'o'in Amurka, ranar da raini na gaske ya same su, ba su manna shi a bango ba. A watan Maris na 2021, lokacin babbar gasar jami'o'i a birnin San Antonio, wata 'yar wasan jami'ar Oregon mai suna Sedona Prince ta ɗauki bidiyon ɗakin motsa jikin da aka tanadar wa mata: 'yan ƙarafuna kaɗan a jingine, ga na maza can cike da kaya. Ba ta ce wannan zai ƙara mana ƙaimi ba. Ta watsa wa duniya. Hukumar gasar ta ba da haƙuri, cikin kwanaki aka kawo kaya, shekarar da ta biyo aka ƙara yawan ƙungiyoyin mata zuwa 68 daidai da na maza. A 2024, wasan ƙarshe tsakanin South Carolina da Iowa ya ja masu kallo sama da miliyan 18, ya zarce na maza. Sun san bambancin rainin da koci ke ƙirƙira don ɗumama jini da rainin da ake kai ƙara a kansa.

Yanzu mu dawo gida. Wanda ya bi hanyar Zariya ya ratsa Kwanar Dangora, ko ya ɗauki hanyar Jos ya bi ta Tudun Wada ya shiga dajin Falgore ya ɓulla Doguwa, ya ga 'yan matan da muke magana a kansu. Suna tafe da tire a ka, ko jarka, ko damin itace, wasu dogaye kamar an auna su da igiya. Yarinyar da ke tafiya mai nisa da kaya a ka ba tare da ta riƙe ba, ta taso tana tsalle a gaɗa tana cafe dutse a carafke, ba sai an koya mata daidaita jiki da saurin hannu daga farko ba. Ƙarfin zuciya kuwa, wa zai koya wa wa? Ita da ta jure tafiyar makaranta, ta jure ajin da babu kujera, ta jure masu cewa karatun nata ɓata lokaci ne. Idan raini ne ke haifar da zakaru, da tuni kudancin Kano ya cika D'Tigress maƙil. A ɗauko jerin sunayen 'yan ƙungiyar a duba mana.

Akwai kuma wata illa da ba a cika faɗa ba. Idan koci a Amurka ta ce ku nuna musu, su ɗin nan baƙi ne, 'yan jarida da abokan karawa waɗanda za a rabu da su bayan minti arba'in. Idan malamin wasanni a Kiru ya ce wa yarinya ki nuna musu, su wa yake nufi? Kawunta ne, da maƙwabciya, da samarin bakin titi, wani lokaci da mahaifinta. Ya ɗora mata faɗa da mutanen da za ta koma ta ci tuwo da su da daddare. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ba za ta ci wannan faɗan ba, kuma bai kamata a tura ta ba. Za ta yi zango ɗaya tana wasa cikin fushi, sai ta gaji ta ajiye, a ce ai dama ba ta da zuciya. Aikin manya ne su je su zauna da iyaye, su nuna musu inda za a yi wasan, da wadda za ta kula da yaran, da irin suturar da za a sa.

Maganar sutura ma ta daina zama hujja. Gaskiya ne a da dokar FIBA ta hana rufe kai, har 'yan wasan Qatar suka fice daga gasar Asiya a 2014 saboda an ce su cire hijabi. Wata Musulma 'yar Amurka, Bilqis Abdul-Qaadir, wadda ta yi wasa a jami'o'in Memphis da Indiana State, ta ƙi cire nata, ta yi ta fafutuka. A 2017 hukumar ta sauya dokar. Yau yarinya na iya shiga kowace gasa da kanta a rufe, da dogon wando da riga mai dogon hannu. Iyayen da ke da damuwa suna da haƙƙi a amsa musu, kuma amsar tana nan: fili a cikin katangar makarantar mata, da malama mace.

Nawa ne kuɗin filin? Cikakken fili mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, kwandon na rataye a kan mita 3.05. Akwai ma nau'in 'yan uku-uku, wanda ya shiga Olamfik tun gasar Tokyo, rabin fili kawai yake ci, mita 15 da 11, da kwando ɗaya. Daɓen siminti ne da turken ƙarfe da allo, aikin da magini da mai walda na cikin gari za su gama ba tare da an ɗauko ɗan kwangila daga Abuja ba. A watan Agustan 2025, bayan D'Tigress sun ci kofin Afirka karo na biyar a jere a Abidjan, Shugaba Tinubu ya yi wa kowace 'yar wasa alƙawarin dala dubu 100 da gida da lambar girma. Sun cancanta, Allah ya sanya albarka. Amma kyautar mutum ɗaya a cikinsu ta isa ta shimfiɗa irin wannan rabin fili a makarantu da dama. Mun iya rabon kuɗi ranar biki, fafe gorar ne kullum sai ranar tafiya.

Yankin nan ya san yadda ake yi idan da gaske ake. Gwamna Audu Bako bai tara manoma ya ce musu an raina ku, ku je ku yi noman rani da zuciya ba. Dam ya gina a Tiga, a ƙasar Bebeji, aka kammala a 1974, kuma har yau ruwansa ne ke shayar da shinkafa da tumatirin Kadawa.

Ƙananan hukumomin nan huɗu suna da ciyamomi huɗu, da 'yan majalisar jiha, da 'yan majalisar tarayya biyu, na Kiru da Bebeji da na Tudun Wada da Doguwa, ga sanatan Kano ta Kudu. Kusan kowane ɗan siyasa a ƙasar nan ya taɓa sa kofin ƙwallon ƙafa na samari da hotonsa a jikin riga. Gwamnatin jiha kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun 2024. Don haka idan suka zo neman ƙuri'a, tambayarmu gajera ce: a wace makarantar mata za a fara zuba simintin, wace malama za a tura ta koyo horarwa, kuma a wane wata za a yi gasar farko tsakanin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa?