Waya Tana Ƙirga Taku, Amma Ƙafa Ce Ke Tafiya

'Yan'uwa, zamani ya kawo mu inda wayar hannu ke ƙirga takun mutum tun safe har dare, agogon hannu kuma yana auna bugun zuciyarsa. Matasanmu da yawa sun ɗauka sai da waɗannan kaya ake neman lafiya. Wanda ba shi da su yakan ce sai ya tara kuɗi tukuna zai fara motsa jiki. A ganinmu, wannan fakewa ce kawai.

Mu duba taku 10,000 da waya ke matsa mana mu cika kullum. Wani kamfani ne a ƙasar Japan ya fito da na'urar ƙirga taku a 1965, ya raɗa mata suna mai nufin ma'aunin taku dubu goma, don ta sami kasuwa. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ita ce, baligi ya yi minti 150 zuwa 300 a mako yana motsa jiki, kamar tafiya da sauri, ko kuwa minti 75 zuwa 150 idan gudu ne. Wato rabin awa, kwana biyar a mako. Ko agogon bango ya isa wannan lissafi.

Gudu a kan hanyar ƙafa, hawa da gangara cikin duwatsu, ya zama wasan da duniya ke ji da shi. A 2005 aka fara tseren dutsen Obudu a Jihar Kuros Riba, mai nisan kimanin kilomita 11, har 'yan gudu daga Habasha da Kenya suka riƙa zuwa. Mu kuwa irin wannan hanya a bayan gidajenmu take, a duwatsun Shere kusa da Jos, da na Kagoro, da na Michika. Iyayenmu mata sun sha hawansu da itace a ka. Mu da ko bakin kasuwa sai a kan babur, mu ne hawan jini da ciwon sukari suke yi wa ɗauki ɗai-ɗai. Mai jiran takalmi mai tsada ya tuna Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci tseren dogon zango a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960.

Ba raina na'ura muke yi ba. Akwai guda da ta cancanci kuɗinmu, wato ma'aunin hawan jini. Wannan ciwo yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba, sai an wayi gari maigida ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, 'ya'ya sun bar makaranta. Kafin magidanci ya fara hawan dutse, ya auna. Idan ya yi ta ganin 140/90 ko fiye, ya fara ganin likita. Gida biyar ma za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya.

Wayar kuma a riƙe ta don kiran gida, gama hanyar daji ba ta rasa maciji ko mugu. A fita bibbiyu, da gari ya waye. A fara da tafiya kafin gudu. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya, ya nemi asibiti.

Sannu ba ta hana zuwa. Muna kira ga iyaye da matasa, gobe da safe mu ɗaura takalmin da muke da shi mu kama hanya.